Taswirar Gidan Dodo Mai Ido Ɗaya

Maglaj, Oktoba 1986

Assalamu alaikum Yaya Ragib,

Ina fatan kana lafiya, kai da Yaya Subhija da yara. Wannan takarda ban saka ta a gidan waya ba, kwandastan jirgin safe na ba, wanda ya ce kun yi aiki tare a tasha. In ka karanta za ka ga dalili.

An kulle ɗana Vahidin a barikin da yake aikin soja can kudu. Ɗan maƙwabciyata da suke tare ne ya zo hutu, ya tsaya a bakin ƙofa, ko gahawa ya ƙi zama ya sha. Ya ce an buɗe wasiƙar da Vahidin ya aika wa abokinsa Zdenko, aka sami taswirar barikin a ciki, da ƙofofi, da ɗakin makamai, da inda masu gadi ke tsayawa. A sama ya rubuta "Gidan Dodo Mai Ido Ɗaya". A ƙasa kuma ya rubuta, "Ku shigo ta bayan kicin, mai gadin wurin barci yake yi." Ana maganar kotun soja.

Yaya, ka san ban saba rantsuwa ba, to ka yarda da ni haka nan: wasa ne. Ka tuna Sallar layyar da ka zo ka tarar samari sun cika mini kicin, har ka tambaya ko taron ƙungiya ake yi? To shi ne. Mutum ɗaya yana ba da labari, sauran kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin, wannan jarumi, wancan ɓarawo, wani mai magani. Mai labarin ya zana gidan dodo a takarda mai gida-gida, su kuma su riƙa cewa "na buɗe ƙofa", "na leƙa rijiya". In abu zai iya yiwuwa ko ya ƙi, sai a jefa ɗan lido ya raba gardama. Da farko na hana, na ce ba za a yi mini caca a teburin da nake murza ƙullun gurasar pita ba. Har wurin liman na je. Ya ce ana sa wani abu? Na ce a'a. Ya ce to wa ke ci? Na ce ni dai ban taɓa ganin wanda ya ci ba. Sai ya ce in bar su, amma su tashi in an kira salla. Zdenko da yake Kirista yakan ajiye fensir ya jira su.

Da suka watse, Zdenko ya sami aiki a Rijeka, nawa ya tafi soja, sai suka ci gaba ta wasiƙa. Ƙa'idarsu ita ce zanen gidan dodo zagayawa yake yi, kowa da layinsa. Layin ɗana ne ya zo.

Jiya takarda ta iso daga barikin, ana so in je in amsa tambayoyi kafin wata ya ƙare. Akwatin wasan yana nan ƙarƙashin gadonsa. Kai ka san mutanen hukuma da yadda ake yi musu magana. Tun rasuwar mijina Hasib ba ni da wanda zan tambaya sai kai.

Allah ya bar zumunci.
Ƙanwarka, Mevlida


Sarajevo, Oktoba 1986

Mevlida,

Saƙonki ya iso. Muna lafiya. Kada ki kira ni a waya, ko daga gidan waya ko daga maƙwabta.

Ki saurare ni da kyau. Na tsufa a aikin jirgin ƙasa da katin jam'iyya a aljihu, na ga wanda aka ɗaure saboda barkwanci a shagon gahawa. Wannan ba barkwanci ba ne, taswirar bariki ce. Kuma na tuna ranar da na zo na ga takardu masu rubutun Jamusanci a teburinki. Ki haɗa su da kanki ki gani: taswirar bariki, takardun Jamus, da abokin da ke da ɗan'uwa a Stuttgart ta Jamus. Wanda zai yi miki tambaya ba ya buƙatar fiye da haka.

Ki ƙone akwatin gaba ɗaya, yau.

A cikin ambulan akwai bayani da wani lauya abokina ya tsara. Yana cewa Zdenko ne ya matsa wa Vahidin ya zana barikin, ɗanki kuma bai san abin da ake so a yi da zanen ba. Ki sa hannu ki tafi da shi. In akwai wanda ya yaudare shi, to Vahidin wawa ne kawai, wawa kuwa horo ake yi masa a sallame shi. In babu, laifin duka a wuyansa yake.

Na san abin da za ki ce. Tun kina makarantar masallaci ke ce mai kai ƙarar kanki wurin Inna in kin lashi zuma. Yanzu maganar shekarun ɗanki ake yi. Ki ajiye wannan halin na mako biyu, daga baya ki yi ta istigfari.

Ki ƙone wannan takardar ma.

Yayanki, Ragib


Maglaj, Oktoba 1986

Ɗana Zdenko,

Ina gaishe ka, ina gaishe da matarka Ljerka, ina fatan jikin nata da sauƙi. Direban motar Rijeka zai kawo maka wannan.

Wataƙila ka ji, wataƙila ba ka ji ba. Vahidin yana kulle saboda taswirar da ya aiko maka, domin barikinsu ya zana. Ba zan ɓoye maka ba, an kawo mini takarda in sa hannu a kan cewa kai ka sa shi. Tana nan a kan tebur, ban taɓa ta da biro ba.

Tambaya biyu zan yi maka, ka amsa mini kamar yadda za ka amsa wa mahaifiyarka. Kai ka ce masa ya zana barikin? In haka ne ka faɗa, ko da ba zai yi mini daɗi ba. Sannan takardun nan na Jamusanci da ke cikin akwatin, me suke cewa, wa ya kawo su? Shekaru suna gidana ban taɓa tambaya ba.

Ina roƙonka kuma, in da hali, ka zo mu tafi tare. Ni sauraron wasan kawai na yi daga bakin murhu. Kai ka haifi wasan, bakinka zai fi nawa iya bayani.

Allah ya tsare ku.
Innarka, Mevlida


Rijeka, Oktoba 1986

Inna Mevlida, sarauniyar pita,

Na so in fara da zolaya kamar kullum, hannuna ya ƙi. Na ji. Wasu mutum biyu masu rigar ruwa iri ɗaya sun zo ofishinmu na zane sun yi magana da shugabana, tun ranar ba wanda yake zama kusa da ni a wurin cin abinci.

Ban ce ya zana bariki ba. Abin da na rubuta masa shi ne, "Layinka ne, ka kawo mana gida mai wuyar shiga, ban da shirme irin na bara." Taswirar ma ban gan ta ba, ba ta iso ba. Jakin nan! In ya fito ni zan fara shaƙe shi.

Takardun Jamus, ɗan kawuna Mirko ya zo da su hutu a 1981. A can ake sayar da wasan a shagon kayan yara. Bai iya sayen littafin ba, ya ari na wani ya kwafe a injin wurin aikinsa har aka kusa kama shi, shi ya sa babu farko babu ƙarshe. Muka zauna da ƙamus na makaranta muna tsinta kalma-kalma. Babu komai a ciki sai yawan dukan da gatari ke yi da nauyin sulke. Inda shafi ya ɓace muka ƙirƙira, har abin da muka ƙirƙira ya fi na Jamusawan yawa, ya zama namu. Ɗan lido mai fuska ashirin ba a samunsa a ko'ina a ƙasar nan, baban abokinmu Goran ne ya goge mana shi daga guntun alminiyom. Dokar nan ma da ta ce ba a sarar dodo sai an yi masa sallama, taki ce. Kina juya miya kika ce ba za a kashe kowa a kicin ɗinki ba tare da an gaishe shi ba. Na rubuta ta a ranar.

Kada ki ƙone akwatin. Shi kaɗai ne zai nuna mu sakarkaru ne ba 'yan leƙen asiri ba.

Yanzu abin da nake ta kewayawa. Inna, ba zan zo ba. Ljerka ta kusa haihuwa, kuma in na shiga ƙofar nan da ƙafata, ba na jin za su bar ni in fito. Ki kira ni matsoraci, kin yi daidai. A wasan ma ni ne kullum mai zama a kan kujera ina tura wasu cikin rami.

Takardar nan kuwa, in kin sa hannu, ɗanki ne. Ba zan ce komai ba.

Na sumbaci hannunki.
Zdenko


Maglaj, Oktoba 1986

Assalamu alaikum Yaya,

Na gode da wahalar da ka sha, kai da abokinka lauya. Ka yi haƙuri da abin da zan faɗa.

Na hura murhu bayan sallar azahar, na ɗauko akwatin da niyyar bin maganarka. Na ce bari in duba kada a sami sunan Allah a wata takarda in jefa ba da sani ba. Ta farko da na buɗe an rubuta mata "Kogon Mayya". Ina kallo sai na ga na san wurin. Ga ƙofar da ke cijewa in an yi ruwa, ga matakalar da ke ƙara, ga ɗakin da nake jera kwalaben 'ya'yan itacen plam. Gidana ne, Yaya. A bakin kicin an rubuta, "Tsohuwa mai sandar murji, ba ta barci." Na zauna a ƙasa ban san lokacin da na yi dariya ba, daga nan kuma kuka ya zo.

Na ware duk waɗanda ke da rubutun Vahidin. Akwai makarantarsu, akwai harabar masallacinmu, akwai masana'antar takarda. Har tashar jirgi akwai, da tsohon ofishinka, an rubuta "Aljani mai hatimi". Zanen sauran yaran hasumiya ce da kogo daga cikin kansu. Nawa bai taɓa ƙirƙiro ko ɗaki ɗaya ba, inda ƙafarsa ta taka shi hannunsa ke zanawa. In na ƙone wannan, da me zan nuna musu haka yake tun yana yaro?

Takardun Jamus na ɗauke su na kai har bakin wuta, na dawo da su. In mutumin ya dube ni ya ce, "Wannan ne duka?" me zan ce masa? Ka san fuskata.

Bayanin kuma ba zan sa masa hannu ba. Na tambayi Zdenko, ya ce bai sa shi ba, na kuma yarda da shi. Yaron da ya ci abinci a teburina, matarsa na da tsohon ciki, in tura shi kurkuku da shaidar zur? Na yi ta juya maganarka a raina, cewa in yi istigfari daga baya. Ban san yadda ake neman gafarar abin da aka shirya yi tun da wuri ba. Ina jin tsoro ƙwarai, Yaya, abinci ma ba ya shiga. Wataƙila kai ke da gaskiya, ni zan jawo masa. Amma da akwatin zan tafi, yadda yake.

Ka sa mu a addu'a, ko a zuci ne.
Mevlida


Sarajevo, Oktoba 1986

Mevlida,

In aka yanke masa shekaru, ki tuna an nuna miki hanya kin ƙi. Kada ki ambaci sunana a can.

Tunda kin kafe, ki hau jirgin da ke bi ta Niš, ɗayan ba ya da ɗumi. In kin shiga kada ki yi wa mai tambayar sallama, ki ce "Kwamared Manjo". Ki sassauta ɗaurin ɗankwalin nan. Ki amsa abin da aka tambaye ki kawai, kada ki ƙara ko kalma.

Taswirar tasha ki cire ta.

Ragib


Maglaj, Nuwamba 1986

Ɗana Zdenko,

Na dawo jiya. Ina gaishe ku. Zan faɗa maka yadda aka yi, domin akwai abin da ya shafe ka.

Ɗakin ƙarami ne, da magatakarda a gefe yana buga tafireta. Manjon siriri ne, yana shan madara a kofin ƙarfe. Da ya ɗago kai na ga idonsa na hagu na gilashi ne. A nan na gane wane ne dodo mai ido ɗaya.

"Ke ce uwar mai zane?"

"Ni ce, Kwamared Manjo."

Ya riƙa fito da kayan akwatin ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan takardun Jamus ya daɗe. Ya ce wa ya kawo, na ce Mirko, ta hannunka. Ya ce wa ya shirya wasan, na ce kai. Ya nemi adireshinka na ba shi. Ka yafe mini, ya tambaya ne.

Sai ya ce, "Ɗanki ya san barikin nan yake zanawa?"

Na ce, "Ya sani."

Tafireta ta tsaya. Manjon ya ce, "Baba, kin san abin da kika faɗa yanzu?"

Na shimfiɗa masa Kogon Mayya, na nuna masa ƙofata da matakalata. Na shimfiɗa makaranta da masallaci da sauran. Na ce haka yake yi tun da can, ba ya iya zana abin da bai gani ba. Ya sa yatsa a bakin kicin ya ce, "Mayyar fa?" Na ce ni ce. Magatakarda ya yi tari.

Ya sa aka kawo Vahidin. An aske shi ƙwal, an karɓe masa bel, yana riƙe da wando da hannu ɗaya. Ba a bar ni na taɓa shi ba. Manjon ya ajiye taswirar barikin a tsakiyar tebur.

"Ka ce wasa ne. To mu yi. Ni nake son shiga, uwarka ta raka ni."

Vahidin ya ce, "Me kake ɗauke da shi, Kwamared Manjo?"

"Me ake ɗauka?"

"Takobi, igiya, fitila."

"Ba ni bam."

"Babu bam a wasan."

"Don me?"

"Ba a ƙirƙiro shi ba tukuna a ƙasar."

Manjon ya kurɓi madara. "Na bi ta bayan kicin. Mai gadin yana barci?"

Zdenko, na ga tarkon, Vahidin ma ya gani. In ya ce i, ya kai ƙarar wani ɗan mutane da ke gadin wurin da gaske, ya kuma tabbatar sirri yake fitarwa. In ya ce a'a, ga rubutunsa a ƙasan takarda. Na riƙa karanta duk abin da ya zo bakina a zuci. Vahidin ya ce, "Ni ma ban sani ba, sai an jefa." Ya tura masa ɗan lidon nan naku na alminiyom. Manjon ya juya shi a hannu, ya jefa, uku ta fito.

"Ya farka," in ji Vahidin. "Ƙato ne mai kan bijimi, da gatari a hannu."

"Na sare shi."

"Ba a sara sai an yi sallama."

"Wace irin doka ce wannan?"

"Ta Inna ce."

Ya juyo mini da ido mai ganin. "Ke fa, me za ki yi?"

Na ce zan tambayi ƙaton ko ya ci abinci. Sai ɗana, Allah ya shirye shi, ya manta inda yake, ya kumbura wuya ya yi muryar ƙato ya ce, "Wake! Kullum wake!" Magatakarda ya fashe da dariya har ya kifa kai a kan tafireta. Manjon bai yi ba. Ya jira aka yi tsit.

"Dodon yana wane ɗaki?"

Vahidin ya sa yatsa. Ɗakin da muke zaune ne.

"In an iske shi, me ake yi masa?"

"Ya rage ga masu wasa, Kwamared Manjo. Shi dai taska aka ba shi tsaro."

Manjon ya kalli takardar. Sannan ya ce a fitar da Vahidin. A bakin ƙofa Vahidin ya waiwayo zai yi magana, soja ya tura shi. Manjon ya mayar da komai cikin akwatin da kansa, ya ɗaure da igiya, ya sa a ƙarƙashin teburinsa. Na ce yaya ake ciki, Kwamared Manjo? Ya ce, "Ki koma gida, za ki ji."

Abin da na sani ke nan. Ban san ko na gyara ko na ɓata ba. Za su kira ka, na tabbata. In sun kira ka je, ka faɗi abin da ka faɗa mini, kada ka yi musu zolaya. Rashin zuwanka ban riƙe shi a raina ba.

Ka rubuto mini in Ljerka ta sauka.
Innarka, Mevlida


Maglaj, Disamba 1986

Assalamu alaikum Yaya,

Kati ya zo yau da rubutun hannun Vahidin. Babu kotu. An yi masa horon bariki, an ƙara masa watanni, an tura shi wani sansani a kan dutse kusa da iyaka, inda yake kula da alfadarai. Ya ce sanyi ya fasa masa yatsu, in aika safa. Zdenko ma sun kira shi, sun riƙe fasfo ɗinsa, sun sake shi.

Na yi sujada, na tashi na rasa wanda zan gaya wa sai kai.

Safar ba zan aika ba, da kaina zan kai. Sunan ƙauyen yana bayan katin, na kwafe maka a ƙasa. Ka duba mini inda jirgi ya tsaya da motar da ake hawa daga nan. Ya tambayi lafiyar kawunsa. In za ka raka ni, ka zo da takalmi mai kauri, an ce sauran hanyar da ƙafa ake yi.

Ƙanwarka, Mevlida